In Kamfani Ya Ga Dama

Shekara goma sha ɗaya ina tsaye bakin sikeli
a kamfanin matse man gyaɗa, hanyar Jibiya.
Buhu ya hau, in dubi allura, in rubuta.
Ban taɓa danne wa manomi kilo guda ba,
ban kuma cuci masu gida ba.

Duk ashirin ga Disamba
Malam Isiyaku akanta zai leƙo ta taga
da ambulan mai ruwan ƙasa:
"Hambali, ga na cefane."
Albashin wata cur, wani zubin har da ɗori.
Sau goma na karɓa, sau goma na ce madalla.

Na bana kuwa, tun Oktoba na kashe su ban gan su ba.
Na sami Ɗan'asabe kafinta a Ƙofar Marusa,
muka ƙirga bandir biyu na kwano, katako, ƙusa,
saboda ɗakin Hurera
da ya yi damina biyu yana yoyo kan gadon yara.
Na ce masa, "Sai Disamba."
Ya ce, "Bakinka ai kuɗi ne."

Ran sha ɗaya ga wata aka kira mu ofis, mu bakwai.
An kawo sabon sikeli mai rubuta wa kansa,
ba ya fita salla, ba ya ciwon baya.
Takarda ta ce ba laifin kowa ba ne,
ma'aikata ake ragewa.
Saura kwana tara.
Na ƙirga a yatsuna, ɗan yatsa ɗaya ya yi rara.

Na ce, "To, kuɗin ƙarshen shekara fa?
Ribar bana ta hannuna ta bi, buhu-buhu."
Isiyaku bai ɗago ba.
Ya zaro takardar da na sa wa hannu ina saurayi,
ya ja biro a ƙarƙashin layi:
kyauta ce, in kamfani ya ga dama,
ga wanda ke bakin aiki ranar rabo.

Wace unguwa damar nan take, in je in gaishe ta?
Shekara goma ana ganinta ba tabarau,
bana ido ya yi hazo.
Wanda ya yi noma, ya yi maimai,
a sallame shi ana jibi girbi,
a ce dami kyauta ne,
wane suna za a raɗa wa wannan?

Akwai wata lauya a Rafin Daɗi, Zinatu,
ofishinta a saman shagon magani.
Ta karanta sau biyu, ta cire gilashi.
"Ba zan yi maka alkawari ba.
Amma hanya, sawu ne ke yin ta.
Abin da aka saba bayarwa shekara goma
yakan yi saiwa.
Kana da shaidar ka karɓa?"

Na dawo gida ba shaida sai bakina.
Hurera ta ɗaga katifa.
Ashe ba ta taɓa yar da ko ɗaya ba:
wannan na katin rigakafin Muntari,
wannan na maɓallai, wannan irin kuɓewa ne a ciki.
Goma cif, kowane da sunana da kwanan wata
a rubutun Isiyaku mai jingina hagu.

Jiya ashirin.
Na haɗu da Tambai maigadi a bakin Kasuwar Tsakiya,
ya gan ni, ya tura wani abu mai ruwan ƙasa cikin aljihu,
ya daɗe yana tambayata lafiyar yara.
Ɗan'asabe kuma ya aiko, ya riga ya yanka katako.

Yanzu dare ne, an ɗauke wuta.
Na zazzage maɓallan a faranti,
na ɗora ambulan goma a tafin hannu,
hannun da ya san nauyin buhu tun kafin allura ta motsa.
Ko awon barkonon naira hamsin ba su kai ba.
Gobe da safe zan hau benen nan da su,
in ga me sikelin wasu zai ce.